Zancen Zucin Jumare a Bakin Kasko

A wani ƙauye tsakanin Makarfi da Kudan, inda rake ya fi mutane yawa, akwai wani bawan Allah ana ce masa Jumare. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Larurarsa ɗaya ce: bakinsa yakan riga hannunsa isa wurin aiki, wani lokaci ma bakin ya gama ya dawo, hannun bai ko tashi ba. In ana zancen gyaran babur, shi ne gwani. In ana zancen maganin tsutsar masara, shi ya fara gano shi. Ko likita aka ambata a gabansa, sai ya girgiza kai ya ce ai saura ƙiris ya zama.

Wata ranar kasuwar Makarfi ya kai wayarsa caji, mai cajin ya tura masa muryar wani mutum mai zaƙin baki. Mutumin yana bayanin cewa abin da mutum ke faɗa wa kansa shi ke juya shi: in ka ce wa kanka kai rago ne, jikinka ya mutu, in ka ce za ka iya, sai ƙarfi ya zo maka. Maganar ta minti ashirin ce. Jumare ya saurari minti biyu na farko, ya kashe waya, ya ce ya gane sauran.

Washegari da hantsi matarsa Talatu tana tankaɗe, sai ta ji murya daga bayan rumbu.

"Jumare, kai ne namijin duniya! Jumare, ba a taɓa haifar irinka a ƙasar Zazzau ba! Abin da ka sa gaba sai ya durƙusa!"

Ta leƙa, ta gan shi shi kaɗai, ya dafe ƙugu yana kallon bangon rumbu.

"Malam, da wa kake?"

"Da wani babban mutum."

"Ina yake?"

"Ga shi kina kallo."

Talatu ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "To, in kun gama ganawa, ka gaya wa babban mutumin akuya na bayansa tana cin masarar da ya shanya."

A lokacin saura kwana goma bikin autarsu Hafiza, wadda za ta auri wani saurayi ɗan Kudan da suka daɗe suna son juna. Yarinyar ba ta ɗora wa iyayenta wani nauyi ba. Abu ɗaya ta roƙa: a yi mata nakiyar gara da mazarƙwailar gonarsu, irin wadda kakarta, mahaifiyar Talatu, ta yi suna da ita kafin ta rasu. Saboda haka da motoci suka zo kwashe raken bana, Talatu ta tsaya kai da fata aka bar 'yan kunyoyi a ƙarshen fadama. Raken ba shi da yawa, kasko uku zai yi ba ƙari, kuma in ya tafi babu wani sai baɗi.

Mai dafa mazarƙwaila a garin kuwa Baba Sama'ila ne. Shekararsa arba'in a bakin kasko, ba a taɓa jin ta ƙone masa ko ta ƙi daskarewa ba. Yana da wata ɗabi'a: muddin ludayi na hannunsa, leɓensa na motsi a hankali. Ba wanda ya taɓa jin abin da yake faɗa, don haka gari ya yanke hukuncin cewa wani asiri ne ya gada wurin kakansa.

Da yamma Jumare ya isa majalisa a gindin mangwaro, ya gyara zama, ya jira aka gama gaisawa da ƙyar.

"Jama'a, na gano sirrin tsohon nan."

Ikrima, taubashinsa mai tallar maganin ɓera a kasuwanni, wanda ba abin da yake so a duniya irin ya ga Jumare ya ɗauko sabon abu, ya matso. "Wane tsoho, Dakta?"

"Baba Sama'ila mana. Ba wani asiri, zancen zuci yake yi. Yana gaya wa kansa shi gwani ne, shi ke nan. To ku duba, shi a hankali yake yi, ga abin da yake samu. Ina ga wanda zai yi da ƙarfi?"

"Ai sai dai zuma ta fito," in ji Ikrima. "Ka taɓa dafawa?"

"Na sha gani."

"Ni ma na sha ganin jirgin sama."

"Kai ai matsalarka ke nan, Ikrima. Ba ka yi wa kanka magana mai daɗi, shi ya sa ka ƙare a ɓera."

Daga nan ya zarce gidan Baba Sama'ila. Ya durƙusa, ya gaishe shi, ya tambayi gajiya da iyali da ƙafar da ke damunsa, sannan ya ce bana yana so tsohon ya huta, aron wurin aiki kawai yake nema. Baba Sama'ila ya dube shi, ya ce, "To, Allah ya taimaka. Zan zo in zauna a inuwa, na daɗe ban ga yadda ake yi ba."

Ranar aiki Talatu ta tare shi a zaure. "Malam, Baba Sama'ila dai zai je ko?"

"Yana can ma tun ɗazu," in ji Jumare. Bai yi ƙarya ba, tsohon yana can a inuwa a kan buzunsa.

Wurin aikin a bayan gari yake: injin matsar rake, murhu biyu da manyan kasake a kai, da dogon benci da aka jera wa ƙananan kwanukan da ake zuba mazarƙwaila ta daskare. Mai inji ya matse raken duka, ruwan ya cika manyan robobi uku. Kowa ya san ruwan rake ba ya kwana, in ba a dafa shi a ranar ba sai ya yi tsami.

Jumare ya tuttula roba ta farko a kasko, ya hura wuta da busasshen ɓawon raken da aka matse, ya naɗe hannun riga.

"Jumare, yau ranarka ce! Wuta ta san ka, kasko ya san ka!"

Ruwa ya tafasa, kumfa mai datti ta taso tana neman a kwashe ta. Jumare bai gan ta ba, yana kai da komo da ludayi a kafaɗa kamar mai gadin kasuwa. Da ya ga ruwan ya ɗan yi kauri, sai ya ɗaga murya.

"Jumare ba ya jira, jiransa ake yi!"

Baba Sama'ila ya yi gyaran murya daga inuwa. "Da ka ɗiga kaɗan a ruwan sanyi ka gani ko ta kama."

"Baba, gwaji na mai shakka ne."

Ya sauke, ya cika kwanuka, aka zauna jira. Aka yi sallar azahar aka dawo. Mutanen majalisa duk sun hallara, har da waɗanda suka ce suna da aiki a gona. Jumare ya ɗauki kwano ɗaya, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani, ya kife shi a tafin hannunsa don curin ya faɗo. Abin da ya faɗo ba curi ba ne. Wani ruwa mai yauƙi ya bi hannunsa, ya gangara ta gwiwar hannu, ya shige hamata, ya sauka har cikin wando.

"Yi mata magana ita ma," in ji Ikrima. "Wataƙila ba ta san ko kai waye ba."

Kafin Jumare ya sami amsa, ƙudan zuma sun sami labari. Ɗaya ya sauka a wuyansa, biyu suka bi hannun riga.

"Jumare ba ya gudu!" ya faɗa, yana ja da baya. "Jumare ba ya gu... wayyo!"

Ya zabura, ƙafarsa ta haɗu da ƙafar benci, kwanuka talatin suka kife cikin rairayi. Ya zaga murhu sau biyu yana kaɗe riga, har yanzu yana sanar da jama'a cewa ba ya gudu. Kasko ɗaya ya tafi, saura biyu.

Da wani mutum ne, da sai ya tsaya nan. Jumare kuwa ya wanke jiki, ya dawo da kumburarren kunne, ya ce ya gano inda matsalar take.

"Ƙarar injin can ce. Ina magana, kaina ba ya ji na."

"Ai tun safe aka kashe injin," in ji mai inji.

"To amon bai bar kunnena ba."

Ikrima ya tashi da sauri kamar an aike shi. Jim kaɗan ya dawo da lasifikar da yake talla da ita, mai ɗan makirufo da ake maƙalawa a wuyan riga. "Ga wannan, ɗan'uwa. Da ita har ɓerayen Ikara ke ji na. In kanka bai ji ka da wannan ba, sai a kai shi asibiti." Ya rataye lasifikar a reshen bishiya, ya maƙala wa Jumare makirufo, ya ƙure murya.

Aka zuba roba ta biyu a ɗaya kaskon.

"JUMARE, KAI NE ZAKI!"

Kaji suka watse. Masu wanki a rafi suka ɗago kai. Wani mai babur da ke wucewa ya tsaya yana tambaya ko 'yan siyasa ne suka zo. A cikin gida Talatu ta saki muciya, ta dubi Hafiza, ta ce, "Ɗauko mini mayafi."

Ana cikin haka sai ga Malam Auwal, ƙanin mahaifin ango, dattijo mai natsuwa da ya taso daga Kudan don a tsayar da lokacin ɗaukar amarya. Bai sha wahalar neman surukinsu ba, murya ya biyo. Jumare na ganinsa ya ji kansa ya ƙara girma. Ya cusa ɓawon rake a murhu har wuta ta fito ta gefe, ya tsoma ludayi a kasko ya bar shi, ya juya wa kaskon baya, ya fuskanci baƙo, ya lumshe ido.

"JUMARE, SURUKAN KUDAN SUN YI DACE! JUMARE, HANNUNKA ALBARKA, IDONKA MA'AUNI!"

Hancin Baba Sama'ila ya motsa. "Jumare, duba bayanka."

"JUMARE BA YA WAIWAYE!"

"To ai shi ke nan," in ji tsohon, ya gyara zama.

Ƙauri ya fara zagayawa. Malam Auwal ya sa gefen rawani ya toshe hanci cikin ladabi. Hayaƙi ya tashi fari, ya koma baƙi, sai da ya lulluɓe Jumare har tari ya katse masa kirari sannan ya waiwaya. Abin da ke cikin kasko ya zama baƙi ƙirin kamar kwalta, ludayin na tsaye a tsakiya ƙyam. Ya kama ya ja, ya ƙi. Ya sa ƙafa a jikin murhu ya ja da ƙarfi, mariƙin ya ɓalle, ya faɗi zaune daɓas.

Mutane suka kwashe da dariya, wani har da riƙe ciki. Jumare ya rarrafa ya zaga bayan murhu inda ba a ganinsa, ya tsuguna, ya dafe kai da hannu biyu. Ya manta da abin da ke maƙale a wuyan rigarsa.

Lasifika ta yi ɗan ƙugi, sai ga murya ƙasa-ƙasa tana fita a saman bishiya, tana ratsa gari.

"Jumare, ka shiga uku. Me ya kai ka? Kai da ko shayi ka dafa sai Talatu ta gyara. Babur ɗin Ikrima ma ai kai ka ɓata, ka ce bakanike ne."

"Allahu Akbar!" in ji Ikrima. "Shekara biyu ina gaba da bakanike!"

Dariya ta ƙaru, amma muryar ba ta tsaya ba.

"Likita kuma, ina ka ga likita? Aji huɗu ka gudu. Kai ba komai ba ne sai baki. Ba ka taɓa gama abu ba, ba za ka taɓa gamawa ba. Yarinyar nan abu ɗaya tak ta roƙe ka duk rayuwarta, abu ɗaya, ga shi ka ƙone mata. Da wane ido za ka dube ta?"

Dariyar ta mutu a hankali. Ikrima da kansa ya sunkuyar da kai. A bakin taron Talatu na tsaye, ta zo da faɗa cike da baki, sai ta rasa ta inda za ta fara. Hafiza na bayanta, ta ja mayafi ta rufe fuska, hawaye na zuba. Ba nakiyar take wa kuka ba, tausayin ubanta ne ya kama ta.

Ita ce ta ratsa mutane ta zaga bayan murhu, ta durƙusa. "Baba, ana jin ka."

Jumare ya ɗago, ya dubi wuyan rigarsa, ya dubi bishiya. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya gode mata.

"Baba, saura roba ɗaya," in ji Hafiza. "Rana kuma tana yi."

Ya miƙe, ya nufi robar, ya kama. Ya yunƙura ya ɗaga, ta ƙi tashi. Mutumin da ɗazu yake jin zai iya ɗaga kasko da yatsa ɗaya, yanzu roba ta gagare shi. Ya sake ta, ya ce, "Ba zan iya ba."

Sai a lokacin Baba Sama'ila ya naɗe buzunsa ya taso, yana ɗingisa ƙafa.

"Jumare, da safe ka gaya wa kanka ƙarya, yanzu ma ƙarya kake gaya masa. Kai ba zaki ba ne, kuma kai ba banza ba ne. Mai rake ne kai, wanda kasko ɗaya ya rage wa. Wanke mini na farkon can, ka zauna a bakin wuta."

Jumare ya ce, "To, Baba," da wata murya da ba a san shi da ita ba.

Ikrima ya zo ya cire makirufo daga wuyan taubashinsa. Maimakon ya sa a aljihu, sai shaiɗancinsa ya motsa, ya lallaɓa ya maƙala shi a bayan wuyan rigar tsohon, ya juyo ya yi wa jama'a alama su yi tsit. Yau dai za a ji asirin shekara arba'in. Har Malam Auwal ya matso da kunne.

Aka zuba ruwa, Baba Sama'ila ya karɓi wani ludayi, leɓensa ya fara motsi.

"Bismillahi. To, Sama'ila, ga kasko. Kumfa ta taso, kwashe. Kwashe kuma. Wuta ta yi yawa ta hagu. Ƙafa na ciwo, ta bari sai an gama. Mutane na kallo, ba ruwanka, kai kasko za ka kalla. Juya har ƙasa. Ta fara kauri, kada ka yi gaggawa. Saura kaɗan. Ɗiga a ruwa ka gani. Ba ta yi ba, ƙara haƙuri."

Mutane suka dubi juna.

"Shi ke nan?" in ji mai inji. "Shi ke nan asirin? Ni fa har rago na taɓa niyyar kai masa ya ba ni!"

Tsohon ya ji muryarsa a saman bishiya, ya ɗan yi murmushi, bai ɗauke ido daga kasko ba. "Da ka kawo, da na karɓa."

Jumare na tsugune a bakin murhu da ɓawon rake a hannu, hayaƙi na sa shi hawaye, ko kuma ya samu abin fakewa da shi. Can ya ɗago a hankali. "Baba, ni me zan ce wa kaina?"

"Abin da hannunka zai yi yanzu. In ya yi, ka gaya masa na gaba."

Sai leɓen Jumare ya fara motsi shi ma. "Jumare, sa ɗaya. Jira. Hagu ta yi yawa, janye." Abin mamaki, hannun ya bi maganar. Wutar ta tsaya daidai, ba ta yi sama ba, ba ta mutu ba, har tsohon ya ɗiga a ruwan sanyi ya murza da yatsa ya ce, "Sauke."

Bayan la'asar sakaliya Baba Sama'ila ya kife kwano ɗaya a tafin Hafiza. Curi ya faɗo, ja-ja-wur, yana ƙamshi. Ta gutsura ta miƙa wa uwarta. Talatu ta tauna, ta lumshe ido, ta ce irin wadda marigayiya Innarta ke nakiya da ita ce sak. Ta ƙirga kwanukan da ido, ta ce nakiya za ta fita, amma ta gidan ango kaɗai, dangi da maƙwabta sai dai su ji labari.

"Ta ishe mu, Hajiya," in ji Malam Auwal. "Labarin ma da zan kai Kudan ya fi gara."

Jumare ya miƙe yana kaɗe toka. Ya dubi curin, ya dubi jama'a, ya ga ana ta sa albarka. Sai ƙirjinsa ya fara tasowa kaɗan-kaɗan. Ya matso kusa da Baba Sama'ila, ya dafe ƙugu, ya gyara murya.

"Ai in kun lura, jama'a, ita mazarƙwaila duk sirrinta a wuta yake. Wutar nan kuwa da kuka gani, ni ne na..."

Idonsa ya faɗa cikin na Talatu. Kusa da ita ga Hafiza riƙe da curi, a bayansu kuma ga baƙin kasko da guntun ludayi a tsaye.

Jumare ya haɗiye sauran maganar. Ya sunkuyar da kai, leɓensa ya motsa a hankali, ba don kowa ya ji ba. Sai dai yana tsaye dab da wuyan rigar tsohon, lasifika kuwa ba ta san sirri ba.

"Jumare, yi shiru."

Gaba ɗaya taron, maza da mata, har da baƙon Kudan, suka amsa da murya ɗaya: "Amin!"

Ya kuwa yi shirun, har aka kwashe kwanuka aka kai gida.